Yadda Masu Zane Suka Yi wa Sarki da Alƙalai Zambo a Ƙasar Faransa

Ko wace ƙasa da irin hanyar da talakawanta su ke bi su rama wa manya abin da ba su iya ramawa da hannu. Waɗansu da waƙa, waɗansu da tatsuniya, waɗansu da wasan kwaikwayo. Turawa kuwa, tun wajen shekara 400 da suka wuce, sun ƙaro wata hanya, watau a zana surar mutum a karkatar da ita da gangan, yadda kowa ya gani zai gane ko wane ne, ya kuma yi dariya. Mutanen Italiya suka fara sa wa abin suna, daga wata kalmarsu mai ma'anar labta kaya. Sunan kuwa ya dace, don in hancin mutum dogo ne sai a labta masa tsawo, in tumbi gare shi sai a labta masa tumbi, har abin da ido ya saba gani bai kula ba ya fito fili.

Jaridun Hausa su kan kira wannan aiki zanen barkwanci. A ganina sunan ya yi masa sauƙi, gama barkwanci ba ya kai mutum gidan yari, wannan kuwa ya kai. Nan zan riƙa ce masa zanen zambo. Ya kamata kuma mai karatu ya tuna da bambancin zambo da habaici, don labarin da za mu bayar duk a kan wannan bambanci ya ke tafiya. Mai zambo ya kan nufi mutum guda ya siffanta shi har ba shakka. Mai habaici ya kan saki magana ba suna, wanda ya tsargu shi ya sani.

Ƙasar da wannan sana'a ta yi karo da hukuma sosai ita ce Faransa, tsakanin 1830 da 1881. A watan Yuli na 1830 Sarki Charles na 10 ya fid da doka ta toshe bakin jaridu. Mutanen Faris suka fito suka datse tituna, aka yi kwana uku ana ba ta kashi, sarki ya gudu. Aka naɗa wani ɗan'uwansa, Louis-Philippe, wanda ya yi ta nuna shi na jama'a ne. Ya kan fito titi da laima a hannu yana gaisawa da mutane. A cikin sabon tsarin mulkin da ya rantse a kansa an rubuta cewa ba za a sake komawa ga tace jaridu ba har abada. Amma ba a daɗe ba jama'a suka ga inda aka dosa. Ba mai jefa ƙuri'a sai wanda ya ke biyan haraji mai yawa, har ya zama cikin mutane fiye da miliyan 30 masu zaɓe wajen dubu 200 ne kurum. Waɗanda suka zub da jini a titi ba su sami kome ba, masu banki da attajirai suka kwashe.

Sai ga wani mutum, Charles Philipon, mai zane ne kuma ɗan kasuwa, ga kaifin baki. A watan Nuwamba na 1830 ya kafa jaridar mako mako mai suna La Caricature, a Disamba na 1832 kuma ya ƙara wata ta kullum, Le Charivari. Wannan suna na biyu daga wata tsohuwar al'adar ƙauyukansu ya samo shi: in wani ya yi abin kunya, misali tsoho ya auri ƙaramar yarinya, sai samari su taru ƙofar gidansa da dare suna kaɗa tukwane da kwanoni. Watau jaridar ta gaya wa manya tun daga sunanta abin da ta zo yi musu.

Abin da ya sa aikin ya yiwu wata dabara ce ta ɗab'i, wadda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano a 1796. Za mu kira ta bugun dutse. A kan sami faffaɗan dutse mai laushi a goge shi sumul, mai zane ya yi zanensa a kai da wani irin alli mai maiƙo. Sai a jiƙa dutsen. Ruwa ba ya zama inda maiƙo ya ke, tawadar ɗab'i kuwa mai maiƙo ce, ba ta kama inda ruwa ya ke, sai ta bi layin allin kaɗai. A ɗora takarda a danne, zane ya fito. Dā sai mai zane ya ba wani gwani ya sassaƙa zanen a kan tagulla ko katako, a yi kwanaki ana yi, hannun mai zanen kuma ya ɓace a cikin na masassaƙi. Da dutse kuwa, abin da minista ya yi ran Litinin ana iya ganinsa a tagar kanti kafin mako ya ƙare. Jaridun suna da tsada, talaka ba ya iya saye, amma a kan liƙa zanen a tagar kantin Aubert, surukin Philipon, jama'a su yi cincirindo suna kallo kyauta.

A 1831 aka kai Philipon kotu saboda wani zane da ya nuna sarki a matsayin magini, yana shafe alkawuran Yuli da ke rubuce jikin bango. Doka ta hana a ci mutuncin sarki, mai gabatar da ƙara kuma ya ce fuskar maginin ta yi kama da ta sarki. Ran 14 ga Nuwamba, a gaban alƙalai, Philipon ya ɗauki takarda ya yi zane huɗu. Na fari fuskar Louis-Philippe ce sak, da kumatunsa masu faɗi da gashin kansa mai tsini. Na biyu ya yi kama da na fari, sai dai an rage 'yan layuka. Na uku ya yi kama da na biyu. Na huɗu kuwa wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, wanda Faransawa su ke kira fuwar, ƙasansa faɗi samansa tsukakke, kamar ƙaramin gora. Hujjarsa ita ce, in kama laifi ce, to, a ina za a tsaya? In an hukunta na fari don ya yi kama da sarki, dole a hukunta na biyu don ya yi kama da na fari, a bi haka har a kai ga ɗaure mutum don ya zana ɗan itace.

Hujjar ba ta fisshe shi ba, aka yanke masa wata 6 da tara mai nauyi. Amma fa alƙalan sun ci shari'a sun yi hasarar abin da ya fi ta. Philipon ya buga zanen huɗun nan a jaridarsa, kafin ka ce kwabo fuwar ya cika bangayen Faris, yara suna zana shi da gawayi. Ka ga hukuma ta shiga tsaka mai wuya. In ta kama mai zana ɗan itace, ta yarda ke nan da bakinta cewa kan sarki haka ya ke. In ta ƙyale, ga shi ko'ina. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A Fabrairu na 1834 ma, da kotu ta tilasta wa Le Charivari ta buga hukuncin da aka yanke mata a shafin farko, sai ta buga shi ɗin, ba ta rage ko harafi ba, amma ta jera layukan rubutun suka ba da siffar fuwar.

Cikin samarin da Philipon ya tara akwai wanda ya fi su duka, shi ne Honoré Daumier, a kan faɗi sunan Domiye. An haife shi a Marsai a 1808. Ubansa mai sa gilashi ne a tagogi, yana kuma son ya zama mawaƙi, shi ya sa ya kwashi iyali ya koma Faris, inda bai sami kome ba sai talauci. Yaron yana ɗan shekara 12 aka sa shi aikin aike wurin wani ma'aikacin kotu, irin masu kai sammaci da kama kayan wanda bashi ya ci. A riƙe wannan, don za mu komo kansa. Tun yana yaro ya ga shari'a daga ƙofar baya, ya ga fuskar wanda aka zo kwashe wa gado da tukunya.

A Disamba na 1831, yana da shekara 23, ya yi zanen da ya kai shi kurkuku. Akwai wani ƙaton mutum mai ci ba ƙoshi a cikin wani tsohon littafin Faransawa na Rabelais, sunansa Gargantua, sunan da ya sa wa zanen ke nan. Ga sarki zaune, kai kamar fuwar, tumbi kamar rumbu, ya wangame baki. An jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakin, waɗansu 'yan ƙananan mutane suna hawa da kwandunan kuɗi suna zuba masa. A gefe ga talakawa a rame, har da gurgu da mace mai jinjiri, suna zuba 'yan kwabbansu cikin kwando. Kujerar da sarki ke kai kuwa, a gafarce ni, ta bayan gida ce. Abin da ke fita ta ƙarƙashinta takardun muƙami ne da lambobin girma, fadawa suna wawa suna rugawa da su majalisa. Lokacin ana cikin gardamar yawan kuɗin da za a riƙa ba sarki a shekara, wanda daga baya aka tsai da shi faranka miliyan 12. Duk bayanin haraji da cin hanci da sayen wakilai, wanda zai ci shafi goma a rubuce, ga shi a takarda guda, wanda bai taɓa shiga makaranta ba ma ya karanta shi sarai.

'Yan sanda suka kwashe takardun. A Fabrairu na 1832 aka yanke wa Daumier wata 6 da tarar faranka 500, a ƙarshen Agusta aka kulle shi a kurkukun Sainte-Pélagie, daga baya aka mai da shi wani gidan jinya ya ƙarasa kwanakinsa. Da ya fito a farkon 1833 sai hannunsa ya daɗa nauyi. Ya kan je majalisa ya zauna wurin 'yan kallo, ya ƙura wa wakilai ido, ba ya zana kome a wurin. In ya koma gida sai ya ɗauki yumɓu ya gina kawunansu da ka, ya shafa musu launi, ya ajiye su a gabansa su zama abin duba in zai yi zane. Guda 36 daga cikin kawunan nan sun tsira, ko da ya ke ba a gasa yumɓun ba, suna gidan tarihi na Orsay a Faris. Ɗaya daga cikinsu na Jean-Charles Persil ne, babban mai gabatar da ƙara wanda ya addabi jaridu, daga baya ya zama ministan shari'a. Da ya ke sunansa a bakin Bafaranshe ya yi daidai da a ce Baba Zarto, haka jaridar ta riƙa kiransa, aka kuma ba shi hanci mai kaifi kamar wuƙa.

Zanen Daumier da ya fi tsoratad da hukuma babu abin dariya a cikinsa ko kaɗan. A watan Afril na 1834 masaƙan siliki na birnin Liyon suka yi bore, wutar ta taɓa Faris. A wani titi mai suna Transnonain aka ce an harbi soja daga wani bene. Soja suka fasa gida mai lamba 12, suka kashe mutum 12 daga cikin mazaunansa. Daumier ya zana ɗaki guda na gidan. Ga magidanci kwance rigingine a gindin gado da rigar barci, ya danne ɗansa ƙarami wanda jini ke fita daga kansa. Ga kan wani tsoho a gefe guda, ga mace kwance cikin duhu a ɗaya gefen, ga kujera a kife. Ba soja, ba sarki, ba fuwar, ba a kuma rubuta kome a ƙasa ba sai sunan titi da kwanan wata. Bai labta wa kowa kome ba, don abin da ya faru ya riga ya fi ƙarfin ƙari. Jama'a suka yi layi a tagar Aubert, hukuma ta aiko aka kwashe takardun da dutsen.

A shekara ta gaba, 1835, aka gurfanad da mutane fiye da 100 gaban majalisar dattawa a kan boren, aka kuma hana su zaɓen masu kare su yadda su ke so. Daumier ya zana wanda a ke tuhuma an ɗaure masa baki da ƙyalle, an rirriƙe hannuwansa, alƙali kuwa yana murmushi yana miƙa hannu, wai ya yi magana an ba shi dama.

Ran 28 ga Yuli na 1835 wani mutum, Fieschi, ya haɗa bakin bindiga 25 a kan katako ya sakar wa ayarin sarki wuta daga taga. Sarki ya tsira, mutum 18 suka mutu. Gwamnati ta sami abin da ta ke nema. A Satumba aka yi dokokin da suka ce ba zanen da za a buga ko a sayar ko a liƙa sai hukuma ta gani ta yarda tukuna. Masu hamayya suka ce, ina alkawarin 1830? Amsar da Persil ya bayar a majalisa ta isa a tsaya a dube ta. A ganinsa tsarin mulki ya kare ra'ayin da a ke rubutawa ne, don rubutu da hankali ya ke magana, zane kuwa da ido ya ke magana, ya zama aiki ke nan, ya wuce ra'ayi. In ka cire adon maganar, abin da ta ke nufi shi ne mai karanta jarida mai kuɗi ne, an san shi, ba a tsoronsa. Wanda a ke tsoro shi ne lebura da ke tsaye a tagar kanti, wanda bai iya karatu ba amma yana da ido. Gani ya kori ji. La Caricature ba ta jira dokar ta fara aiki ba, ta rufe a ƙarshen Agusta.

To, daga nan ne zambo ya koma habaici. An hana taɓa sarki da ministoci da suna ko da kama, amma ba a hana zana "wani lauya" ko "wani likita" ko "wani mai gidan haya" ba. Tsakanin 1836 da 1838 Daumier da Philipon suka fid da zane 100 a kan wani ɗan damfara na wasan kwaikwayo, Robert Macaire, yau shi ne mai banki, gobe lauya, jibi ɗan jarida, kullum yana sayar wa wawaye hannun jari a kamfanin da babu shi. Ba a ambaci gwamnati ba, amma kowa ya san zamanin wa a ke nufi. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda ya ke.

Sa'an nan, daga 1845 zuwa 1848, Le Charivari ta buga jerin zanen da ya fi dukan aikinsa shahara, kusan guda 40, a kan ma'aikatan shari'a. Nan yaron nan mai kai sammaci ya biya bashinsa. Gidansa a lokacin yana wani tsibiri cikin kogin Sen, 'yar tafiya kaɗan daga babban ɗakin shari'a na Faris, inda akwai wani makeken zaure da Faransawa da kansu su ke kira zauren ɓatattun taku, saboda yawan kai da kawowar masu ƙara a banza. Can ya kan je ya zauna ya yi kallo.

Bari mu duba kaɗan daga ciki. A wani zane ga lauya ya fito daga kotu ya ɗaga hanci sama, ƙirji a gaba, a gefensa ga wata mata cikin baƙaƙen tufafin takaba tana kuka, da ɗanta maraya. An kā da su. Abin da ya ke ba ta haƙuri da shi shi ne, ko da ta rasa shari'ar ai ta more jin yadda ya iya magana. A wani kuma ga alƙali mai ƙiba ya nutse cikin kujera ya ɗora hannu a tumbi, an kawo masa wani ramamme da ya saci abinci. Alƙalin yana yi masa faɗa, wai yunwa ba hujja ba ce, shi ma kusan kullum ya kan ji yunwa amma bai taɓa sata ba. A wani ga lauya ya miƙe yana zuba, hannu a sama, yana kare wani "maraya" wanda ya haura shekara 50, yana cewa hankalinsa a kwance ya ke don idon shari'a ba ya rufuwa. A bayansa alƙalai uku sun yi sharkaf da barci. Akwai kuma lauyan da aka yi wa kirari da mai kare maraya da matar mamaci, sai fa in ɗaya ɓangaren ne ya ɗauke shi, sa'an nan ya far musu.

Maganganun da ke ƙarƙashin zanen yawanci ba Daumier ya rubuta su ba, editocin jaridar ne su kan sa. Shi aikinsa yana ga surar, in ka rufe rubutun da hannu ma ba abin da ya ragu. Dubi yadda ya yi da rigar. Lauyan Faransa ya kan sa baƙar riga mai faɗin hannu kamar babbar riga, da ɗan farin ƙyalle a wuya, da hula mai tsawo. A hannun Daumier rigar ta zama rabin mutumin. In lauya ya ɗaga hannu sai ta buɗe kamar fiffiken ungulu, in biyu sun haɗa kai suna raɗa a lungu sai ka ce hankaki biyu a kan mushe. Baƙin allin nan mai maiƙo kuwa kamar don wannan riga aka yi shi. Fuskar da ke saman rigar ita ce ke tona asiri: wannan yana matse hawaye a gaban alƙali, ga shi can a matakala yana dariya da lauyan da suka gama zage-zage yanzu yanzu. Talaka kuwa kullum ƙarami ne a cikin zanen, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ɗan sunkuya, yana duban bakin mai rigar don ya ji ko ya tsira.

Abin da ya sa waɗannan zane suka daɗe, ina tsammani, shi ne ba su tsaya ga cewa alƙali ya karɓi toshiya ba. Wannan ƙaramin zargi ne, ana iya korar mutum guda a ce an gyara. Abin da Daumier ya nuna ya fi haka ciwo. Ga wuri an gina shi don a ji kukan mutum, amma waɗanda ke ciki sun saba har ba su ji. A wurinsu ranar aiki ce kamar jiya, a wurin matar nan kuwa gidanta ne da abincin ɗanta. Alƙalin da ya ce shi ma yana jin yunwa ba ƙarya ya ke yi ba, iyakar yunwar da ya sani ke nan, ta kafin a kawo abincin rana.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka zanen zambo shaida ce ta gaskiya. Ba adalci a cikinsa, ba a kuwa yi shi don adalci ba. Lauyoyi ne suka tsaya wa Philipon da 'yan boren 1834, waɗansu suka sa kansu cikin haɗari, amma ba za ka ga irinsu a jerin nan ba, don lauyan kirki ba ya ba da dariya. Allin da ya soki sarki kuma shi ne ya soki waɗanda ba su da ƙarfi. A 1844 Daumier ya yi zane 40 yana yi wa mata masu rubuce-rubuce ba'a, ya mai da su munana masu sakaci da 'ya'ya, a 1848 da 1849 kuma ya bi matan da ke neman haƙƙinsu da irin wannan. Mafi muni, wannan dabara ta labta hanci da leɓe ita ce jaridar Der Stürmer ta yi ta amfani da ita a kan Yahudawa a Jamus daga 1923 har 1945, kowa kuwa ya san inda abin ya kai. Saboda haka in an ga zane irin wannan, a fara tambaya tukuna, wa a ke yi wa dariya, mai riƙe da sanda ko wanda a ke duka?

Ko zane ya kā da Louis-Philippe? Ya faɗi dai a Fabrairu na 1848, ya tsere Ingila da sunan aro, ya mutu can a 1850. Abin da ya kā da shi tsadar abinci ce bayan munanan damuna na 1846, da rashin aiki, da ƙin da ya yi a ƙara yawan masu ƙuri'a. Sai dai mutumin da aka shekara 17 ana ganinsa ɗan itace, ranar da ya nemi a tsaya masa 'yan kaɗan ne suka ga abin da za su mutu dominsa. Irin aikin da zambo ke yi ke nan, a hankali, kamar gara.

Sakin da aka yi wa masu zane a 1848 bai daɗe ba. Louis-Napoléon ya ƙwace mulki da soja a Disamba na 1851, a Fabrairu na 1852 aka komo da dokar neman izini. Masu zane suka koma wasan ɓuya da ma'aikatan tacewa. A 1868 wani mai zane, André Gill, ya zana wani irin kankana da aka yanke masa tsagi guda, yana da 'yan ƙafafu, aka kai shi ƙara, mutane kuwa suka ce fuskar wani alƙali suka gani a jiki. A 1874 shi Gill ɗin ya ba tacewa kanta sura, ya zana ta tsohuwa mai tabarau da ƙaton almakashi a hammata da mujiya a kafaɗa, ya sa mata suna Anastasie, har yau kuwa Faransawa da wannan suna su ke kiranta. A Ingila ma an ɗauki darasi, gama jaridar Punch da aka kafa a 1841 ta kira kanta Charivari ta Landan.

Daumier ya yi zanen dutse wajen 4,000. A 1870 gwamnatin Napoléon na 3 ta miƙa masa lambar girma, ya ƙi karɓa ba tare da wata hayaniya ba. Ya tsufa cikin rashi, idonsa ya kusa mutuwa, a wani ƙauye mai suna Valmondois. A 1878 abokansa suka shirya nunin ayyukansa a Faris, Victor Hugo ne shugaban kwamitin, amma ba a sami ko kuɗin da aka kashe ba. Ya rasu a Fabrairu na 1879. Bayan shekara biyu, ran 29 ga Yuli na 1881, aka yi dokar 'yancin jaridu wadda ta soke neman izini kafin a buga zane. Ko ita ma ta bar laifin cin mutuncin shugaban ƙasa, wanda ba a soke shi ba sai a 2013. Zanensa na ma'aikatan shari'a kuwa an yi ta sake buga su, cikin masu sayensu kuma har da lauyoyi. Su kan sa su a firam su rataya a ofis, daidai inda mai ƙara zai zauna ya jira.